Biyu, Sifiri, Sifiri

A aikin magani na ga abubuwa da yawa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma makon da aka kusa sauke mahaifina daga limanci saboda lambobi uku da aka rubuta da biro a jikin ambulan ɗin magani, wannan ko tsufa ya wawushe mini komai ina jin shi ne zai rage a kaina. Na daɗe ina riƙe da labarin a ciki, don ba labari ne da ya fito da ni da kyau ba. Yanzu da nake ganin ƙannena a wannan aiki suna bin hanyar da na bi, na ga gara in faɗa.

Ni harhaɗa magunguna na karanta a jami'a. A lokacin ina aiki a Birnin Kebbi, a wani ofis da ke rarraba magunguna zuwa ƙananan asibitoci, ina zaune can da mijina da yaranmu. Gidanmu kuwa Argungu ne. Ƙa'idar aikinmu ta ce duk babban kantin magani sai da mai lasisi irina, kuma ba takardar ake nufi ba, mutumin ake so, yana tsaye a wurin, yana duba abin da likita ya rubuta, yana yi wa mai saye bayani. To amma akwai wata dabara da kowa ya sani, ba mai faɗinta da ƙarfi. Mai hali ya buɗe kanti, ya nemi mai lasisi, a sa takardar cikin gilashi a rataya a bango, mai ita ya kama gabansa. Ni ma haka na yi. Wani Alhaji a Argungu, ɗan kasuwa mai mutunci wanda tun ina ƙarama nake ganinsa a zauren gidanmu, ya buɗe kemis kusa da kasuwa. Na ba shi lasisina mai ɗauke da hotona, shi kuma yana yi mini ɗan alheri duk wata. In na je gida nakan leƙa, a kawo mini lemo mai sanyi, in ɗaga kwalba biyu in duba ranar lalacewarsu, in fito ina jin na yi aiki. Duk lokacin da zuciyata ta motsa sai in ce mata ta kwanta, ai Alhaji tun yana da ɗan teburi a bakin tasha yake sayar da magani, ya fi ni sanin inda komai yake.

Baba kuwa ya haura shekara talatin yana limancin masallacin unguwarmu. Bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ɗakinsa littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, kuma in zai rubuta wasiƙa da ajami yake yi, da wani rubutu mai kyau da har mutane ke ajiyewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, shi kuma ya kira kansa ɗana. Shi ne ya tsaya kai da fata har na yi karatu, lokacin da 'yan uwa ke cewa ya isa haka.

Ya yi shekara da shekaru yana lallaɓa ciwon suga. Wata rana yayana ya kawo shi Birnin Kebbi, na raka su wurin likita, aka canza masa magani zuwa wata ƙwaya mai ƙarfi, biyu da safe tare da karin kumallo. Likitan abokin karatuna ne, da Turanci muka yi maganar, ni da shi, kamar Baba ba ya cikin ɗakin. Muka fito ina saurin komawa ofis, Baba yana saurin ya riski la'asar a gida. Na miƙa wa Yaya takardar na ce su saya a kantin Alhaji in sun isa, za a yi musu bayani a can. Har ɗaga musu hannu na yi da motar ta tashi.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Laraba da hantsi, sai ga wayar Yaya. Yayana manomin shinkafa ne, a lokacin kuma ana tsakiyar aikin fadama, ba ya kiran mutum haka kawai.

"Ki taho gida," in ji shi. "Baba ya hwara ruɗewa."

Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce da asuba abin ke zuwa. Ranar farko Baba ya tsaya cak a tsakiyar surar da shi ya koya wa rabin unguwa, sai da ladan ya ɗora shi. Wata rana ya ƙara raka'a. Wata rana aka idar da salla aka ga rigarsa sharkaf da zufa, ga gari da sanyi. A safiyar da ya kira ni kuwa, Baba ya yi ruku'u ya kasa ɗagowa, sai da aka riƙe shi, na'ibi ya ƙarasa sallar.

"Dattawan unguwa sun ce ran Juma'a za su zamna bisa maganatai," in ji Yaya. "Za su ce shi huta. Kin san in sunka hwaɗi haka, ta ƙare."

Na sani. Limanci ba aikin da ake zuwa hutu a dawo ba ne. In aka ce wa dattijo ya huta, an rufe maganar cikin ladabi, kuma Baba ba mutumin da zai ja da jama'a ba ne. Na ɗauki jakata da na'urar awon suga na nufi tasha. Tun daga fitarmu gari har muka isa Argungu ban ga komai a hanya ba, lissafin cututtukan tsufa kawai nake yi a kaina, ina cire wannan ina sa wancan.

Na iske Baba a zaure bayan azahar, yana ba wasu magidanta karatu, muryarsa garau, yana gyara wa wani wasali ba tare da ya dubi littafi ba. Da ya gan ni sai ya yi murmushi.

"Uwata, wa yat tashe ki da rana tsaka? Ko an gaya miki ɗanki ya haukace?"

Na yi dariya, har na ji haushin Yaya da ya tayar mini da hankali. Amma da na shiga cikin gida na ga fuskar Inna, dariyar ta tafi. Ta ce mata sun fara shigowa da maganganu, wasu na cewa rikicin tsufa ne, wasu na cewa da hannu a ciki, har ana nuna gidan na'ibi da baki, bawan Allah da ba ruwansa.

"Ni dai abin da nig gani," in ji Inna, "in ya dawo ya sha kunu, sai shi warware awa ba shi ba."

Wannan maganar ta tsaya mini. Zufa da asuba, ruɗewa, sannan a sha kunu a warware, duk wanda ya yi karatuna ya san wannan alamar sugan da ya faɗi ce, ba wanda ya hau ba. Sai dai Yaya ya ce shekaranjiya ya kai Baba kemis bayan abincin rana an auna shi, suga ya yi sama sosai, har Alhaji ya ba da shawara a ƙara ƙwaya ɗaya su zama uku. Ranar nan ma suke da niyyar farawa. Na ce kada wanda ya ƙara ko rabin ƙwaya sai na gane abin da ake ciki. Na sa aka ɗauko mini ambulan ɗin da aka zubo maganin a ciki. Maganin shi ne wanda likita ya rubuta, ƙarfinsa daidai, bai lalace ba. A jiki an rubuta da shuɗin biro, 2 – 0 – 0, wato biyu da safe, babu da rana, babu da dare. Na juya shi gaba da baya ban ga laifi ba, na ba da aka mayar ɗakin Baba. Yau in na tuna nan nakan ji kamar in mari kaina. Mutumin yana zaune a zaure, taku goma tsakanina da shi, amma ambulan na tambaya, ban tambaye shi ba.

Washegari tun kafin kiran salla na tsaya a ƙofar ɗakinsa da na'urata. Ya fito da buta, hannunsa na rawa, ruwan na zuba a ƙafarsa. Na gaishe shi ya dube ni kamar yana neman inda ya san ni. Na zaunar da shi a kan tabarma na soki yatsarsa. Na'urar ta nuna sugan ya faɗi ƙasa warwas, da irin wannan ake kwasar mutum ranga-ranga, wani ma ba ya farkawa. Na ruga madafa na dama sukari a kofi. Yaya ya shigo zai raka shi masallaci, ya tarar ina ɗura masa.

"Ke! Sukari za ki ba mai ciwon suga? Kashe shi za ki yi?"

Tun da nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce ya matsa mini, in yana son ya taimaka ya je ya ce wa na'ibi ya ja salla. Ya tsaya yana dubana, sannan ya fita. Kafin a tayar da iƙama Baba ya dawo cikin hankalinsa, zufar ta tsaya. Muna zaune a tsakar gida lasifika ta ɗauko muryar na'ibi. Baba ya sunkuyar da kai yana bin karatun da leɓɓansa. Na sha ganin mahaifina cikin rashin lafiya, amma ban taɓa ganin ya ƙanƙance irin na safiyar nan ba, kuma tausayinsa ya kusa kayar da ni.

Da gari ya waye Inna ta kawo kunu da ƙosai. Ni kuwa tuni na yanke hukunci a raina cewa maganin jabu ne, ko an zuba masa ƙarfi fiye da abin da aka rubuta a kwali, kuma Alhaji zai ji da ni. Na ce, "Baba, yau kak ka sha maganin sahe sai na yi magana da likita."

Ya ajiye ludayi. "Wane na sahe? Wanga ai ba a shan shi da sahe."

Na ce ban gane ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ambulan ɗin, ya shimfiɗa shi a kan gwiwarsa, ya gyara tabarau. Sannan ya ɗora yatsa, irin yadda yake ɗora ta a kan kowane shafi tun kafin a haife ni, a gefen dama.

"Ga shi a rubuce. Sahe babu. Rana babu. Dare biyu. Bayan lisha nika shan su, ban taɓa tsallake ko kwana guda ba."

Na dubi yatsar nan tana tafiya daga dama zuwa hagu, nan take na gane. Mutumin da ya shekara saba'in yana fara karatu daga dama, wa ya ce masa wannan layin daga hagu ake fara shi? Baba kuma ba mai cin abincin dare ba ne, 'yar fura ce sai ya kwanta. Kwana ashirin yana haɗiye ƙwaya biyu masu ƙarfi a kan cikin da ba komai, su yi ta aiki yana barci, su kai shi ƙasa daidai lokacin da zai tsaya gaban jama'a. Da rana kuma, in ya ci tuwo, suga ya hau, a auna a ce magani ya yi kaɗan. Da an ƙara ta ukun nan, ban san ko da wa zan yi wannan hirar ba. Allah ma ya taimake mu ya saba da lambobin boko a jikin waya, don sifirinmu da biyar ta Larabci kamarsu ɗaya, da biyar zai gani a wurin kowane sifiri.

Na yi masa bayani a hankali, sau biyu. Da farko na zaci bai gane ba. Can sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ashe ba ɗauke mini karatu anka yi ba?"

Sai a lokacin na san abin da ke cinsa. Ba limancin ne ya fi damunsa ba. Duk kwanakin nan yana zaton Allah ne ke zare masa haddarsa daga ƙirji saboda wani laifi da bai sani ba, yana ta istigfari shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Na ce masa karatunsa na nan inda ya ajiye shi, ba abin da ya taɓa shi. Ya ɗaga hannuwa sama, hawaye na bin gemunsa. Inna ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Na kira likita, ya ce kada a sha maganin a ranar nan, daga washegari a koma safe da ƙwaya ɗaya, a riƙa awo ana gaya masa. Daga nan na ja mayafi na hau kabu-kabu sai kemis. Ina da zafin rai, ban taɓa musu ba, kuma a hanyar nan na tsara wa Alhaji maganganun da sai ya kwana uku yana jin su. Na tarar da kantin cike, ranar mutanen ƙauye sun shigo gari, ga matan Gulma da goyo, ga wani mai albasa daga Augie yana miƙo takarda ta saman kawunan mutane. Alhaji na ta aiki, ya ƙirga ƙwaya, ya zuba, ya ja biro, ya miƙa, na gaba. Hannunsa ya ƙware ƙwarai, bakinsa kuwa gaisuwa kawai yake yi. Na jira aka ɗan rage na ajiye masa ambulan a kan kanta, na gaya masa abin da ya faru, ban rage murya ba.

Salati ya fara yi, don yana ƙaunar Baba da gaske. Sannan ya buɗe durowa ya lalubo takardar likitan ya ajiye kusa da ambulan.

"Hajiya, duba nan, duba nan. Mi nir rubuta ba daidai ba?"

Na ce rubutu daidai ne, amma ya buɗe baki ya gaya masa?

"Malam da ɗiyatai ta karanci magani, ni za ni koya mai shan magani? Nic ce kin riga kin gaya mai." Ya nuna bango da haɓa.

Na juya. Ga ni can a cikin gilashi, da farar riga, ina murmushi, rana ta fara cinye kalar hoton. Duk maganganun da na tsaro a hanya suka watse. Ni na ce kanti zai yi bayani, kanti ya ce ni na yi bayani, kuma a takarda ni ce kantin. Ba wanda zan yi wa faɗa a wurin nan sai matar da ke cikin gilashi.

Ban tafi ba. Na tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya fito da ambulan in tare shi in ce ya gaya mini yadda zai sha. Wasu sun faɗa daidai. Wata tsohuwa ta ce jikanta zai karanta mata in ya dawo daga Zauro, ba ta san ko yaushe ba. Mai albasan nan ya riƙe nasa a kife, ya ce shi dai in ya ji jikin ya matsa sai ya sha biyu. Na tsaya nan har azahar ina gyara abin da zan iya gyarawa, kunya na cina.

Saura maganar Juma'a. Baba ya ce kada in je roƙon kowa, shi ba zai ja mutane salla da kan da bai amince da shi ba, in sun ce ya huta zai huta. Na ce ba roƙo zan je ba, shaida zan kai. Mace ba ta zama a taron dattawan masallaci, saboda haka da la'asar ɗin Alhamis na sa Yaya gaba muka tafi gidan babbansu, wani malami tsoho wanda tare suka yi karatu da Baba, kuma in ya yi magana ba a ƙara wata. Na durƙusa daga bakin zaure na gaishe shi. Ban fara da bayani ba, ambulan ɗin na ba Yaya ya miƙa masa.

Na ce, "Baba Malam, wanga magani na. Lambobin ga uku, sahe da rana da dare na. Don Allah karanta mini yadda za ka sha shi."

Ya kai shi kusa da ido, ya ɗora yatsa a dama. "Sahe babu, rana babu, dare biyu."

Na gaya wa tsohon cewa shi ma da ya sha haka da kwana uku ba zai kai ƙarshen sura ba, na warware masa komai tun daga ɗakin likita. Na roƙi asuba bakwai. In Baba ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya a cikinsu, ni da kaina zan ce masa ya zauna gida. Ya jima yana juya ambulan ɗin.

"Kantin ga, ba shi na anka ce naki ba?"

Na ce sunana ne a ciki.

"To ke ɗiyata, kina ina sa'ad da anka ba shi?"

Zan iya cewa aiki ya riƙe ni, kuma ba ƙarya ba ne. Amma na riga na gaji da wannan amsar tun kafin in faɗe ta. Na ce ina Birnin Kebbi, ba ranar kaɗai ba, kullum, takardata kawai na bari tana yi mini gadi. Ya dube ni, bai tsawata ba, bai kuma ce mini "ba komai" ba. Ya ce an ba ni bakwai ɗin.

Na kira ofis na ɗauki hutu. Kowace asuba in auna Baba kafin ya fita, kowace safiya in zauna gabansa har ya ci abinci ya sha ƙwayarsa. Juma'a ya ce a bar na'ibi ya ja, yana son ya ji jikinsa tukuna. Ranar Asabar ya naɗa rawaninsa ya fita. Ni da Inna muka zauna a tsakar gida, ko alwala mun kasa tashi mu yi. Da ya yi kabbara na riƙe hannun Inna. Ya ɗauko surar nan da ta kufce masa ranar farko, da gangan, na san halinsa. Da ya iso wurin da ya taɓa tsayawa na matse hannunta da ƙarfi. Ya wuce ta kansa kamar yana tafiya a hanyar gidansu, ya kai ƙarshe, ya yi ruku'u, ya ɗago. Inna ta zare hannunta ta ce in tashi in yi salla, na kusa karya mata yatsu.

Haka aka yi bakwai ɗin. Dattawa ba su zauna a kan maganar ba. A rana ta ƙarshe tsohon malamin nan ya aiko da ƙaton kifi, giwan ruwa, a cikin daro, aka ce a yi wa Liman farfesu, kowa ya gane an rufe magana.

Da yammar ranar, ina haɗa kayana zan koma, Baba ya kira ni zaure. Duk makon bai ce mini komai a kan kantin ba, har na fara zaton ya bar ni da abin da na gani.

"Uwata, ran da munka shiga kantin ga, nig ga hotonki bisa bango. Raina yay yi daɗi. Nic ce tunda Uwata na nan ciki, ba sai na tambayi kowa komi ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ina son in tambaye ki, ke da kiy yi boko. Kin taɓa ganin liman ya rataye rawaninai gaban sahu ya tahi hwadama, a ce mutane su bi rawani salla?"

Ya jawo littafinsa ya buɗe.

A ƙarshen watan na ajiye aikin ofis. Abokan aikina sun ce na samu taɓin hankali, mijina ya yi kwana biyu yana tambayata ko na yi tunani da kyau, sannan ya ce in dai na yanke shi ba zai hana ba. Na je wurin Alhaji na ce abu biyu ne, ko in tsaya a kantin nan da ƙafafuna, ko in sauke gilashina in tafi da shi. Ya zaɓi na farko, ko da yake mun sha faɗa daga baya. Ya ce ina tsayar da layi, mutane na gajiya suna tafiya wani kantin, kuma gaskiyarsa ne, wasu sun tafi. Ya ce wane irin kemis ne mutum zai zo da kuɗinsa a ce ba za a ba shi allura ba sai da takardar likita. Na ce irin wanda sunana ke ciki. Shekara biyu ina bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu safe da yamma kafin mu dawo da zama gaba ɗaya, har direbobin tasha suka riƙa ajiye mini kujerar gaba.

Lambobi uku a jere kuwa, tun daga makon nan ba su sake fita daga kantinmu su kaɗai ba. Na kai wa Baba farar takarda na ce ya rubuta mini kalma uku da ajami, safe, rana, dare. Ya fere alƙalami ya rubuta su da kyau kamar zai aika wa sarki. Na kai aka sassaƙa mini hatimi da su, da bokonsu a ƙasa, kowace kalma da gurbin da za a ja kara ɗaya ko biyu a gabanta. Kuma ba mai fita da magani sai na ce, to, gaya mini yadda za ka sha. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, manyan ma'aikata ma su ce sun iya karatu. Nakan ce na sani, mahaifina ma ya iya.

Baba ya ƙara shekara shida yana jan salla. Ranar da ya rasu ma shi ya ja asuba. Hatimin yana nan, roba ta cinye an sake ta sau uku, amma rubutun nasa ne, kuma kullum sai na buga shi a kan ambulan fiye da yadda zan iya tunawa.

Abin da makon nan ya koya mini bai da yawa. Rubutu daidai ba ya nufin an gane, kuma magani bai bar hannunka ba sai ka ji daga bakin mai shansa yadda zai sha. Wanda duk ya rataya sunansa a bango, akwai wanda zai shigo ya ga sunan nan ya fasa tambaya. Nawa mahaifina ne.